Kawu, Ya Ka Ga Hoton Nan?

Duk wanda ke zaune a Magajin Gari, a tsakiyar Birnin Gwari, kuma Allah Ya hore masa dangi a Kaduna ko Zariya ko Funtuwa, ya san wannan tambayar. Baƙo ya zo hutu, ya wuni yana zaga gari da waya a hannu, da almuru ya dawo ya raɓa kusa da kai a kan tabarma, ya miƙo maka wayar har tana neman taɓa maka hanci: "Kawu, ya ka ga hoton nan?" To, a nan ake gane dattijo. Abin da za ka faɗa cikin minti ɗayan nan shi zai sa yaron ya sake fita gobe ya ɗauko wanda ya fi, ko kuma ya koma ɗaukar fuskarsa kaɗai har ranar da za a raka shi tasha.

Ni ma an miƙo mini irin wannan wayar. Ɗan 'yar'uwata ne, ɗalibi a Kaduna, ya je Kara ganin shanu ya dawo da abin da ya kira hoton shekara. Farin bijimi ne bunaji, amma ƙahonsa na hagu ya fice daga hoton kamar an yanke an ba wani. A bayan bijimin akwai dillali, falwaya ta tsiro daga tsakiyar hularsa. Ƙasa ta karkata zuwa dama, har mai kallo ya ji shanun na shirin gangarowa su faɗo masa a cinya. Can a kusurwar sama kuma ga wani abu ja-ja mai taushi, wanda bincike ya tabbatar ɗan yatsan mai hoton ne. Ga yaro kuma ya zuba mini ido yana murmushi, yana jiran hukunci.

Abu na farko, karɓi wayar. Kada ka leƙa ta daga hannunsa kamar mai duba rasit. Ka riƙe ta, ka gyara zama, ka yi shiru gwargwadon lokacin da ake ɗauka a sha rabin kofin shayi. Wannan shirun kyauta ce, don yana nuna masa an ɗauki aikinsa da nauyi. Kuma don Allah ka tsare yatsanka. Hoto ɗaya aka nuna maka, kada ka ja hagu, kada ka ja dama. Abin da ke gaba da abin da ke baya a wayar saurayi amana ce, kuma zumunci da yawa ya yi tsami a kan jan yatsa ɗaya.

Bayan shirun, tambaya ce ya kamata ta fara fita daga bakinka: "Me ka gani a wurin nan da ya tsayar da kai?" Duk sauran shawarwarin da zan bayar ba su kai wannan ba. Mutum ba ya tsayawa cikin ƙura da zafin rana ya ɗaga waya haka kawai, akwai abin da ya taɓa masa zuciya, sau da yawa kuma abin bai fito a hoton ba. Da na tambayi nawa yaron, sai ya sa farce ya nuna mini wani ɗan ɗigo a gefen bijimin. Ashe wani yaron Fulani ne, ya ɗora hannu a kan tozon bijimin yana yi masa magana a kunne, alhali manya na can suna ta "albarka" da "sallama" a kan kuɗinsa. Ya ce, "Kawu, sallama yake yi da shi." To ka ji hoto. Idon yaron nan ya ga abin da mutum ɗari suka wuce ba su gani ba, hannunsa ne kawai bai san yadda zai kamo shi ba. Da na fara da maganar falwaya, da ban taɓa jin labarin nan ba, kuma da na gyara hoton da shi bai yi niyyar ɗauka ba.

Daga nan sai yabo, amma yabo mai adireshi. "Masha Allah, ya yi kyau" magana ce mai albarka, a faɗe ta, sai dai ita kaɗai ba ta koya wa kowa komai, haka ma ɗan zanen wutar nan da ake turawa a WhatsApp. Ka nuna wurin da kyan yake. Ka ce masa, "Ka ga yadda ƙurar nan ta tashi a bayan shanun? Ita ta sa na ji hayaniyar kasuwar." Ko, "Ka iya jira, tunda ka bari sai da yaron ya sunkuya." Kuma kada ka ƙirƙiro yabon ƙarya, yara na gane shi daga nesa kamar yadda dillali ke gane saniyar da aka ɗura wa ruwa. Babu hoton da za a rasa abin kirki guda ɗaya a cikinsa, in ka rasa to ba ka gama kallo ba.

Gyara kuwa kamar gishiri ne a miya. Ɗaya ya isa, biyu iyaka ke nan. A hoton ɗan 'yar'uwata na ƙirga aibi biyar, na zaɓi ɗaya na haɗiye huɗu, na ajiye su zuwa wani zaman. Wanda ya zazzage wa mai koyo kuskure bakwai a zama ɗaya, yaron ba zai tuna ko ɗaya ba, abin da zai tuna shi ne Kawu ba ya son hotunansa. Kuma ka sa gyaran a bakin gobe. "Ka yanke ƙaho" ƙorafi ne a kan abin da ya riga ya wuce. "In ka koma, ja da baya taku ɗaya don ƙahon ya shigo" aiki ne ka ba shi, har ka sa masa ranar komawa. Hausawa sun riga sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai faɗa ya iya bakinsa.

Wane gyara za a fara da shi? Ni da haske nake farawa, domin shi ne uwar hoto, kuma ba a sayen sa. Yawancin baƙinmu da rana tsaka suke ɗauka, saboda sai sun yi barci sun karya kumallo sun yi wanka sun fesa turare kafin su fito. A lokacin rana na bisa kai, hula ta jefa inuwa a kan ido, ido ya zama rami, farin bunaji da farar riga su ƙone su zama fari fat babu ko layin ɗinki. Ka gaya masa ya fita da hantsi, ko ya bari sai la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa daga gefe ya kwanta a jikin abu, har a ga gashin saniya da zanen hula da jijiyar hannun tsoho. Ka gaya masa ya duba inda rana take kafin ya ɗaga waya: in tana bayan mutumin, fuska za ta yi duhu, sai ya zagaya, ko ya taɓa fuskar a kan gilashin wayar don kyamara ta auna haskenta da ita. In lokacin hunturu ne, ka faɗa masa hazo na cinye abin da ke nesa, dutse da itatuwa su zama toka-toka, don haka watannin nan na hoton kusa ne: mai shayi da tururin butarsa, yara a bakin wuta da sassafe. Hoton fili da nisa kuwa a bari sai damina, bayan ruwa ya wanke sama.

Akwai kalma ɗaya da na roƙe ka kada ta fito daga bakinka: "Ai wayarka ce ba ta da kyau." Wannan hukuncin malalaci ne, kuma yana aika yaro gida ya dami uwarsa a saya masa wata. Tecno da Itel da Infinix ɗin da ke hannun yaranmu sun isa su ɗauki hoton da za a rataye a bango. Ka ba shi labarin Seydou Keïta na Bamako, wanda ya tashi yana aikin kafinta. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi wata 'yar ƙaramar kyamara Kodak Brownie, a 1948 ya buɗe shagon hotonsa, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi, da ƙyalle mai zane a bayan mutum. Yau hotunansa na rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Faransa da Amurka. Ka lura da wanda ya ba shi kyamarar. Mu kawunnai muna da hannu a wannan sana'a tun fil azal.

In ka ga hoton ya yi dishi-dishi kamar an ɗauke shi ta cikin labule, kafin ka kawo dogon bayani, juya wayar ka dubi idon kyamarar. Sau tara cikin goma za ka tarar da tarihin abin da mai ita ya ci tun safe: maiƙon ƙosai, yajin tsire, gumin aljihu. Ka goge da gefen rigarka a gabansa, ka ce ya sake ɗauka. Babu gyaran da ya kai wannan arha, kuma babu wanda ke sa yaro ya ɗauke ka masani cikin gaggawa kamarsa.

Maganar karkata ba ta da tsawo. Duk baƙon da ya je dam ɗin Bagoma sai ya dawo da ruwa a jirkice, kamar za a juye shi a kan hanyar Tegina. Ka tuna masa ruwa ba ya kwana a karkace. A cikin saitin kyamara akwai layuka biyu a tsaye biyu a kwance da ke raba gilashi gida tara, ya kunna su, ya daidaita bakin ruwa da layi ɗaya. Falwayar da ta tsiro a hular dillali kuwa maganinta taku ɗaya ne zuwa gefe, da ɗabi'ar duba bayan mutum kafin a danna.

Inda nake so ka daɗe shi ne maganar nisa. Yaron Fulanin nan ya zama ɗigo ne saboda ɗan 'yar'uwata ya tsaya can nesa ya sa yatsu biyu ya zuƙo. Zuƙowar yawancin wayoyinmu yankan hoto ce kawai da buɗa shi, shi ya sa fuska ke fashewa ta zama kamar tuwon da bai tuƙu ba. Maganin shi ne ƙafa, a matsa kusa. Amma a garin nan ba a matsawa kusa da mutum sai da sallama, kuma a nan ne gyaran hoto ke komawa tarbiyya. Ka tambaye shi, "Ka gaishe su?" In ya sunkuyar da kai, ka san dalilin zuƙowar: kunya ce ta hana shi, sai ya saci hoton daga nesa. Ka koya masa yadda ake yi. A yi sallama, a ce "Baba, sannu da kasuwa," a tambayi lafiyar dabbobi, a yaba bijimin, a tambaya ko rahaji ya fi bunaji tsada a bana, sannan a ce, "Baba, ko za ka yarda in ɗauki hoto?" In ya ce a'a, a yi godiya a wuce, domin akwai masu ƙin hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai masu ƙi saboda abin da idonsu ya gani a shekarun nan, kuma kowannensu yana da haƙƙinsa. Mai tallar fura da nono ba a ɗaukar ta sai ta yarda da bakinta, matar aure a ƙofar gida kuwa a sauke waya tun daga nesa. Wanda ya yarda, a juya wayar a nuna masa abin da aka ɗauka. Dariyar da zai yi in ya ga kansa, sau da yawa ita ce hoton da ya fi na farkon.

Sai dai matsawa kusa tana da iyaka biyu. Ta farko ƙahon bijimi, wanda bai san mai hoto ba. Ta biyu daji, kuma a nan babu wasa. Baƙo zai karanta cewa a nan ne gandun dajin Kamuku yake, wanda hukumar gargajiya ta Birnin Gwari ta keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. Zai ji labarin ruwan da ke zubowa a Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema, da dajin doka da kaɗanya da maje, da gwanki da gadu da birai. Ransa zai biya, kuma yana da gaskiya, wurin ya cancanci a gan shi. Amma in ya nuna maka hoton dutse daga bakin titi, kada ka kuskura ka ce, "Da ka shiga ciki kaɗan da ya fi kyau." Babu hoton da ya kai ran ɗan mutane. Shiga daji shawara ce ta ma'aikatan gandun da jami'an tsaro da manyan gari waɗanda suka san halin da ake ciki a ranar. Haka kuma ka gaya masa a sarari, ba a ɗaga waya a shingen sojoji ko na 'yan sanda, ba a ɗaukar gidan mutum ko garkensa ko rumbunsa a watsa wa duniya da sunan unguwa, kuma ya kashe alamar wuri da waya ke liƙa wa hoto. Wannan gyaran shi kaɗai ne ba ya jiran yabo ya riga shi, kuma ba ya cikin lissafin ɗaya ko biyu.

Yanzu kuma sai a duba wanda ya miƙo wayar, domin ba da murya ɗaya ake yi wa kowa magana ba. In taubashinka ne, Allah Ya ba ka, faɗi duk abin da ka gani har da ƙari, ka tambaye shi ko girgizar ƙasa aka yi a Kara, gobe zai rama a kan naka. In jikanka ne, ka tsokane shi ka ce bijimin ya fi shi iya tsayuwa, sannan ka zaunar da shi ka nuna masa. In ƙanwarka ce ta ɗauko hoton faɗuwar rana daga tagar mota a hanyar Buruku, da rabin madubin direba a ciki, ka yaba launin saman tukuna, sannan ka ce ta manna wayar kusa da gilashi don kada hasken cikin mota ya dawo. In kuwa surukinka ne ya miƙo, to ka riƙe wayar da hannu biyu, ka ce, "Baba, wannan wuri ya yi albarka," ka mayar masa. Gyaran hoton suruki ta hannun 'yarsa yake bi, bayan kwana uku, a matsayin shawarar da ita ta ƙirƙiro.

Kowane ne kuwa, kada a yi masa gyaran a zauren WhatsApp na dangi, inda gwaggo da inna da 'yan uwa arba'in ke kallo. A can a yaba. Gyara a kira mutum gefe, ko a bari sai an haɗu a kan tabarma.

Saura maganar kwalliya. Yaranmu na son su bi hoto da rini har sama ta koma shuɗin bula, ganye ya koma kore irin na leda, fuskar baƙin mutum ta yi fari kamar an shafa mata alli. Ka tambaye shi a hankali, "Haka ka ga wurin da idonka?" Koren gonar masara a watan Agusta a ƙasar nan ba ya neman taimakon kowa, jan ƙasarmu ma haka. Fatar mutanenmu kuwa a bar ta yadda Allah Ya yi ta. In zai turo maka hoton don ka duba da kyau, ya turo shi a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse hoto ya zubar da rabin ƙyallinsa a hanya. Wanda ya fi kyau a cikin tafiyar kuma a kai shi shago a wanke, waya na faɗawa ruwa, takarda na zama a bango.

Me ya sa na ɗauki wannan abu da zafi haka, har nake tsara wa mutane yadda za su yi magana a kan hoton saniya? Saboda na san hotunan garin nan da duniya ta saba gani. Shekara da shekaru, in aka ambaci Birnin Gwari a jarida, abin da ke biyo baya motar da aka ƙone ce a kan hanyar Kaduna, ko taron masu zaman makoki. Waɗannan abubuwa sun faru, mun binne mutanenmu, ba mai share wannan. A 2021 har layukan waya aka rufe mana na wani lokaci, ko gaisuwa ba ta fita balle hoto. Kara ɗin da yaron nan ya je ta yi shekaru a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe ta. Don haka farin bijimi mai yankakken ƙaho, da dillali mai falwaya a ka, shaida ce cewa ana ciniki a inda aka daina. A Maiduguri wata 'yar garin, Fati Abubakar, ta fara ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum a 2015 tana sa su a Instagram da sunan Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki, a lokacin da ba a san Borno da komai ba sai tashin bam. Hotunanta sun zaga duniya. Mu ma muna da abin nunawa: buhunan masara da ake lodawa da kaka, masunta a Bagoma, jama'a a ƙofar fadar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, 'yan mata da allo a hanyar makaranta. Wanda zai ɗauko mana su yana nan cikin yaran da ke miƙo mana waya da almuru, kuma ina tsoron kada mu kashe masa gwiwa da kalma ɗaya tun bai fara ba.

Nawa yaron, da na gama yi masa maganar hantsi da ta sallama, ya yi shiru yana kallon ɗigon nan na gefen bijimi. Can ya ce, "Kawu, ƙarfe nawa ake fara shigo da shanu?" Na gaya masa. Ranar kasuwa ta zagayo, muna idar da sallar asuba na ji shi a tsakar gida yana neman takalminsa. A zaure ya tsaya ya kama gefen rigarsa ya goge idon kyamarar, ya ce in biyo shi in nuna masa wanda ya kamata ya fara gaisarwa. Maganar ɗan yatsa na bar ta sai mun dawo.